Ra'o'in aikin jinya a bakin gadon mai tsananin ciwo

Duk wanda ya yi makarantar koyon aikin jinya ya san jerin sunayen matan nan da suka tsara ra'o'in aikin jinya, wato tiyori: Nightingale, Henderson, Orem, Roy, Leininger, Watson. Ana haddace su a aji, a zuba su a takardar jarrabawa, a ci, sannan a rufe littafi. Ranar da ɗalibi ya fara shiga ɗakin marasa lafiya, abin da yake fara ji daga bakin na gaba da shi shi ne, "Wancan tiyori ne, nan aiki ake yi." Masu faɗar haka suna da dalilinsu. Nas ɗaya ko biyu ne ke riƙe da ɗaki cike da gadaje tun daga dare har wayewar gari, ga allurai lokacinsu ya yi, ga ledar ƙarin ruwa ta ƙare a can, ga wani numfashinsa ya canza a nan. Wa ke da sukunin tuna abin da wata Baturiya ta rubuta shekara sittin da suka wuce?

Sai dai ni a ganina, a wajen mai tsananin ciwo ne waɗannan ra'o'i suka fi amfani, kuma a wajensa ne rashinsu ya fi cutarwa. Wanda zazzaɓi ya kwantar kwana biyu, in an ba shi maganin da ya dace zai tashi ya koma gida, ko an saurare shi ko ba a saurare shi ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙodarsa ta gaza, ko ciwon daji ya ci ƙarfinsa, rayuwarsa ce gaba ɗaya ta koma hannun wasu: cinsa da shansa, zagayawarsa, sallarsa, sirrinsa. Magani yanki ɗaya ne cikin abin da yake bukata, wani lokacin ma ƙaramin yanki.

Ra'in jinya tsararriyar amsa ce ga tambayoyi huɗu. Wane ne wannan mutum da ke kwance? Me ake nufi da lafiya a wurinsa? Me ke kewaye da shi da ke taimakonsa ko yake cutar da shi? Sannan mene ne aikin nas, wanda ba na likita ba? Kowace daga cikin matan nan ta amsa ta tata hanyar, kuma amfanin amsar a aikace shi ne tana tsara abin da ido zai nema da abin da baki zai tambaya. Nas ɗin da ba ta da irin wannan tsari a kanta za ta duba katin magani, ta yi abin da aka rubuta daidai, ta wuce gado na gaba. Wadda take da shi za ta yi wannan ɗin, amma kafin ta bar wurin ta lura leɓen majinyacin ya tsattsage, kwanon abincinsa ba a taɓa shi ba, kuma tun da matarsa ta fita bai sake buɗe ido ba.

Tushen abin yana wurin Florence Nightingale. A watan Nuwamba na 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Scutari, wani yanki na birnin Istanbul na yau, tare da mata 38. Ta tarar kwalara da atini da taifot sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. Mace-macen sun ragu ƙwarai bayan kwamitin tsafta da gwamnati ta turo a 1855 ya gyara magudanan ƙazanta da hanyoyin shigar iska. Daga wannan darasi ta rubuta ɗan littafinta na 1859, inda ta ce aikin jinya shi ne a sa majinyaci cikin yanayin da jikinsa zai fi iya gyara kansa: iska mai kyau, haske, ɗumi, tsafta, shiru, da abinci a kan kari. Har ta ja kunne a kan abubuwa biyu da har yau ake yi, wato tayar da mara lafiya daga barcinsa na fari, da yin raɗa a kusa da gadonsa yana ji amma bai san me ake cewa a kansa ba.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai kowa ya sani. To, a duba abin da ke faruwa da tsofaffi da masu tsananin ciwo bayan kwana uku ko huɗu a asibiti. Mutum mai hankalinsa sai ya fara sambatu, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana ganin mutanen da babu su, bai san dare ba bai san rana ba. Wani kuma sai ya yi shiru ya lafe, a ɗauka sauƙi ne ya samu. Dangi sukan ce iska ce ko sammu. Likitoci sun san wannan rikicewar hankali sarai, kuma sanadinta sau da yawa abu ne da ake iya kamawa: ƙwayar cuta a huhu ko a mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, fitsari da ya taru ya ƙi fita, kwanaki ba bayan gida, wani magani, ko rashin barci saboda fitila a kunne da hayaniya har asuba. Kaso mai yawa na rigakafinta yana hannun nas. A buɗe taga da safe, a rage haske da dare, a mayar masa da tabaransa, a gaya masa yau wace rana ce da inda yake, a bar fuskar da ya sani a kusa da shi.

Domin maganar ta sauka ƙasa, mu ɗauki misali. A ce dattijo ne da ya haura sittin, ɗan kasuwar hatsi, hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin dama, magana kuma ta ɗauke. Babban ɗansa da uwargidansa ne ke jinyarsa.

Virginia Henderson, Ba'amurkiya, ita ce ta ba da ma'anar aikin nas da majalisar ma'aikatan jinya ta duniya ta buga a 1960. Ta ce aikin shi ne taimaka wa mutum ya yi abubuwan da ke kai shi ga lafiya, ko warkewa, ko mutuwa cikin natsuwa, abubuwan da da kansa zai yi in da yana da ƙarfi, ko niyya, ko sani. Ta lissafa bukatu 14, daga numfashi, ci da sha, fitar da ƙazanta, motsi, barci, sutura da tsaftar jiki, har zuwa iya faɗar abin da ke ransa, ibada bisa addininsa, da jin cewa yana da amfani. Nas ɗin da ta bi jerin nan a kan dattijonmu ba za ta wuce bukata ta biyu ba sai ta tsaya.

Dalili kuwa, da yawa daga cikin waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye ba sa iya haɗiya yadda ya kamata a kwanakin farko. Uwargida, saboda tausayi, za ta ɗaga kansa yana kwance ta ɗura masa kunu. Wani ɓangare na kunun ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi ya tashi, ƙirji ya cika. Ciwon huhu irin wannan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki. Saboda haka kafin komai ya shiga bakinsa, sai an zaunar da shi sosai, a ba shi ruwa cokali ɗaya, a tsaya a duba: ya yi tari? Muryarsa ta koma kamar mai kurkure maƙogwaro? Ruwan ya dawo ta gefen baki? In an ga haka, sai a dakata, a nemi a sa robar abinci ta hanci. In kuwa yana haɗiya, a zaune zai ci, kaɗan-kaɗan, kuma ba za a kwantar da shi ba sai bayan kamar rabin awa. Bakin ma sai an riƙa goge shi safe da yamma, domin abinci na maƙalewa a kuncin da ya shanye ba tare da ya sani ba.

Haka batun fata. Wanda ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya fi kusa da fata: ƙasan gadon baya, gefen ƙugu, diddige, kafaɗa. Cikin sa'o'i kaɗan naman wurin zai fara mutuwa daga ciki, kafin a ga komai a waje. Shi ya sa aka saba cewa a juya shi duk bayan awa biyu, a sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri domin diddige ya tashi daga katifa, a canja zanin gado da zarar ya jiƙe. Akwai wani abu da littattafan da aka rubuta domin farar fata ba su cika jaddadawa ba. Suna cewa a nemi wurin da ya yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa fili. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi ƙyalli, ko hannu ya ji ya fi zafi ko tauri. Nas ɗin da ba ta taɓa wurin da hannunta ba, sai gyambo ya fashe za ta gani, kuma gyambon kwanciya yana iya cin watanni bai warke ba.

Bukata ta sha ɗaya a jerin Henderson ita ce ibada. Ina ganin muhimmin abu ne a ce ta sa ta cikin jeri ɗaya da numfashi da abinci. Dattijon da tun balagarsa bai saba barin salla ba, yanzu ga robar fitsari a jikinsa, ga hannu ba ya ɗaguwa, sai ya ɗauka ba shi da tsarki, ya daina, baƙin cikin hakan kuma yana cinsa ba bakin faɗa. Alhali addini ya yi masa sauƙi. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kwance a gefe. Ga taimama, ga bayanin malamai a kan mai lalurar yoyon fitsari. Ba aikin nas ba ne ta ba da fatawa. Aikinta ta lura, ta ce da ɗansa, "Malam, Baba yana samun yin salla kuwa?" ta nuna musu alƙibla, ta ja labule idan lokaci ya yi, in akwai bukata a kira limamin asibiti. Idan majinyacin Kirista ne, a kira masa fasto ko fada.

Dorothea Orem, wadda littafinta ya fito a 1971, ta kawo wata tambayar: me wannan mutum yake iya yi wa kansa, me kuma ya gagare shi? Giɓin da ke tsakanin abin da yake bukata da abin da yake iyawa, nan ne gurbin jinya. Ta kasa taimakon gida uku. Akwai lokacin da za a yi masa komai, kamar wanda ya suma. Akwai lokacin da za a raba aikin da shi. Akwai kuma lokacin da abin da ya rage shi ne koyarwa da ƙarfafa gwiwa. Hikimar tana wajen gane ranar da ya kamata a tashi daga wannan mataki zuwa wancan.

A nan ne ƙauna takan yi ɓarna. A mako na biyu dattijonmu yana iya riƙe cokali da hagu, amma ɗansa ba zai bari ba, domin a wurinsa rashin tarbiyya ne uba yana fama da cokali ɗa yana kallo. Shi ma uban yana ƙyamar ci da hagu. In aka tafi a haka, hannun da ke da lafiya ma zai yi rauni, kuma mutumin zai saba da zama abin ɗauka. Nas ɗin da ta fahimci Orem za ta zauna da su biyun ta ce, "Baba, lalura ce, a ci da hagun kafin dama ta dawo," ta kuma nuna wa ɗan cewa taimakon da mahaifinsa ya fi bukata yanzu shi ne a riƙe masa kwano, shi ya kai baki da kansa, ko da rabin abincin zai zube.

Wani abu da ya kamata a faɗa a fili: waɗannan ra'o'i an tsara su ne a asibitocin da nas ke yi wa majinyaci wanka, ta ba shi abinci, ta kai fo ta zubar. A yawancin asibitocinmu dangi ne ke yin wannan duka. Su ke kwana a ƙasa kusa da gado ko a baranda, su ke sayo magani, su ke wanki. Ke nan duk tsarin kulawar da bai sa mai jinya a ciki ba, a takarda kawai zai tsaya. Minti goma da nas za ta ɗauka ta koya wa ɗa yadda ake juya mahaifinsa da zani ba tare da an ja hannun da ya shanye ba, domin kafaɗar tana iya gocewa, ya fi amfani a kan ta juya shi sau ɗaya da kanta ta tafi. Kuma shi mai jinyar mutum ne. Uwargidan da ta kwana goma ba barcin kirki, ƙila ita ma tana da hawan jini, ta cancanci a auna ta, a ce wa dangi a kawo mai karɓarta.

Callista Roy, wadda ta tsara nata ra'in a shekarun 1970, ta fi mai da hankali ga yadda mutum ke sabawa da halin da ya samu kansa, a jikinsa, a yadda yake kallon kansa, a matsayinsa cikin mutane, da kuma dogaronsa da wasu. Ita ce za ta sa a tambayi abin da ya sa dattijon ke juya fuska bango duk lokacin da aka zo gyara shi. Mutumin da gida guda ke ci daga hannunsa, yau ɗan da ya haifa ne ke ganin tsiraicinsa. Labule da mayafi a nan magani ne. Haka tambayarsa wa yake so ya yi masa wanka, ko da da kai zai amsa. Haka kuma kiyaye harshe a gabansa, domin da yawa daga cikin waɗanda maganarsu ta ɗauke suna fahimtar abin da ake faɗa. Masu dubiya su tsaya a kansa suna cewa "ai wannan sai dai addu'a," yana ji, ba ya iya amsawa. Jean Watson, wadda ta fitar da nata a 1979, harshenta ya yi sama da yawa ga ɗakin da ke cike maƙil, amma gundarin maganarta gaskiya ce: majinyaci yana bambance hannun da ya taɓa shi da kulawa da wanda ya taɓa shi don a gama.

Idan ciwo ya kai inda ba a sa ran warkewa, wadda ta fi kowa haska hanya ita ce Cicely Saunders, ko da yake littattafai ba su cika sa ta a jerin masu ra'in jinya ba. Da aikin nas ta fara a Landan lokacin yaƙin duniya na biyu, ciwon baya ya sa ta bari, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya. A 1948 ta kula da wani Bayahude ɗan ƙasar Folan mai suna David Tasma, wanda ciwon daji ke kashewa yana da shekara arba'in. Sun yi ta tattauna irin gidan da ya kamata a ce masu irin halinsa suna ƙare kwanakinsu a ciki, ya kuma bar mata fam 500 domin wannan buri. Ta koma makaranta ta zama likita a 1957, ta yi shekaru tana sauraron masu jiran ajali tana naɗar maganarsu, sannan a 1967 ta buɗe gidan kulawa na St Christopher a kudancin Landan.

Abin da ta gano daga sauraron nan shi ne zafin ciwo ba a jiki kaɗai yake ba. Wata majinyaciya ta gaya mata cewa ciwon daga baya ya fara, amma yanzu ji take komai nata ya lalace, ta kuma ci gaba da zancen mijinta da ɗanta da kuɗin da ke ƙarewa. Saunders ta ce raɗaɗi dunƙulalle ne, ya haɗa na jiki, na zuciya, na zamantakewa da na ruhi, kuma kowane yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta. Matar da ke da ciwon daji a nono, wadda ta san an sayar da gona saboda ita, tana tunanin wa zai riƙe mata 'ya'ya, tana kuma tambayar kanta ko wani laifi ta yi, allura kaɗai ba za ta kwantar mata da ciwo ba. Amma kuma, wanda azabar jiki ta hana shi sakat ba ya iya wasiyya, ba ya iya neman yafiya, ko salla ba ya iya tsayar da hankali a kanta. Don haka daga jiki ake farawa.

Ƙa'idar da Saunders ta yaɗa mai sauƙi ce: a ba da maganin raɗaɗi a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya dawo majinyaci ya yi ta roƙo. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan tsari mai hawa uku, daga irin su farasitamol, zuwa masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin, zuwa morfin, ta baki in zai yiwu, kuma bisa agogo. Morfin na ruwa akan ba da shi duk bayan awa huɗu, tare da maganin sassauta ciki, domin kusan kowa yana samun taurin bayan gida da shi. Ma'aunin ciwo kuwa bakin majinyaci ne, tun da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan na bukatar kula ta musamman a wurinmu, inda aka tarbiyyantar da mutane a kan dauriya. Ka tambayi dattijuwa ya jiki, ta ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi," alhali ta damƙe ƙarfen gado. Sai an sake tambaya ta wata hanyar: "Mama, jiya kin samu barci? Me ya tashe ki? In kin juya ina ne yake kama ki?"

Akwai tsoro na gaske a tsakanin ma'aikata da dangi game da waɗannan magunguna. Mun ga abin da shaye-shayen kodin da taramol ya yi wa matasa, har a 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wannan tsoro bai kamata ya faɗa kan mai ciwon daji da ya kai ƙashi ba. Morfin da aka auna daidai da raɗaɗin mutum, aka riƙa ƙara shi sannu a hankali ƙarƙashin kulawa, ba ya gaggauta ajali, kuma hana shi ga wanda ke cikin azaba zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Saura batun al'ada, wanda Madeleine Leininger ta yi wa hidima tsawon rayuwarta. Nas ce da ta karanci ilimin al'adun ɗan'adam, ta zauna cikin mutanen Gadsup a Papua New Guinea a shekarun 1960. Ta ce idan nas ta haɗu da wata al'ada a bakin gado, hanya uku ce a gabanta: ta bar ta, ko ta daidaita da ita, ko ta yi aiki tare da mutanen a sauya ta. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani a kusa da majinyaci, a bar su, suna kwantar da hankali. Rubutu ko ruwan zamzam ga wanda ba ya iya haɗiya, a daidaita: a shafa masa a fuska, a jiƙa masa leɓe da shi. Dubiya ma haka, a tsara ta mutum biyu-biyu, a ware lokacin hutu. Amma ɗura wa wanda ya suma ruwa, ko turara hayaƙi ga mai fama da numfashi, ko ba mai ciwon ƙoda jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, waɗannan sai an hana. Yadda aka hana ɗin shi ne komai. In aka yi da tsawa, za a ɓoye kwalbar a ƙarƙashin gado a ba shi da dare. In aka tambaya cikin mutunci, "Me kuke ba shi daga gida? Ku nuna mini mu duba tare," galibi za a fito da ita.

Wurin da ra'o'in Amurka da Ingila suka fi cin karo da rayuwarmu shi ne faɗar gaskiya. Su a wurinsu majinyaci shi ke da labarin ciwonsa, shi ke yanke hukunci. Mu kuwa babban ɗa ko miji ko wa zai ja nas gefe ya ce, "Sista, don Allah kada a gaya mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Ban ga daidai ba ne a yi watsi da wannan roƙo, domin daga ƙauna ya fito, kuma da waɗannan mutane za ta koma gida. Ban kuma ga daidai ba ne a yi wa baligi mai hankali ƙarya a kan ransa. Yana da bashin da yake so ya biya, da amanar da zai mayar, da wanda yake so su yafi juna. Hanyar da masu wannan aiki suka fi bi ita ce a tambayi majinyacin kansa: me ya fahimta game da ciwonsa, yana so a yi masa bayani ne ko ya fi so a yi da wani nasa? Wanda ya ce a yi da ɗansa, ya zaɓa, a girmama zaɓinsa. Wanda ya tambaya kai tsaye, a amsa masa da gaskiya, a hankali, gwargwadon abin da ya nema, ba tare da an yanke masa rana ba, tun da wannan ba a hannun kowa yake ba. Sau da yawa ma ya riga ya sani, shiru yake yi don kada ya tayar wa iyalinsa hankali.

Duk wannan yana shiga aiki ne ta matakai biyar da ake koya wa kowane ɗalibi: a bincika, a gano matsala, a tsara abin yi, a aiwatar, a dawo a duba ko ya yi amfani. Inda abin ke lalacewa shi ne idan takardar tsarin kulawa ta zama abin da ake cikewa a ƙarshen aiki saboda masu duba, da jimloli iri ɗaya ga kowane gado. Layi uku na gaskiya, cewa ya ƙware da ruwa da safe, cewa diddigen hagu ya yi duhu, cewa ya yi kuka bayan tafiyar ƙaninsa, sun fi shafi guda na haddar aji, domin su ne mai karɓar aiki za ta ɗora a kai. Kuma dole a faɗa, ba a neman kulawa irin wannan daga ma'aikaciyar da aka bar wa ɗaki guda ita kaɗai, ba safar hannu, ba hutu, albashi yana makara. Ra'i ba ya cike gurbin ma'aikatan da babu su. Abin da yake yi shi ne taimaka wa wadda ke wurin ta san wane gado ne ba zai iya jira ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar kulawar sassauta raɗaɗi a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. A 2014 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su sa wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. Misalin da ya fi kusa da mu yana Yuganda. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa, cibiyar kula da masu ciwon da ba ya warkewa, a Kampala, ta kawo tsarin haɗa morfin na ruwa daga garin maganin, mai araha, wanda majinyaci zai sha a gidansa. Da aka ga likitoci ba za su isa ƙauyuka ba, a 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman damar rubuta shi. Nas ɗin da ke zuwa gidan majinyaci ita ke auna raɗaɗinsa, ta duba fatarsa, ta koya wa dangi, ta saurari damuwarsa, ta kuma ba da maganin. Irin wannan ya fi ƙarfin nas ɗaya a bakin gado. Aiki ne na ma'aikatun lafiya da hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma, su tsara horon, su gyara doka, su kuma tabbatar maganin yana nan a ɗakin magani na asibitin ƙaramar hukuma.